Sa Hannun Kawu

Kawuna magini ne, yayan mahaifiyata. Shekara talatin da biyu yana gini, ba a taɓa kiransa an nuna masa tsaga a bango ba. Kamfaninsa kuwa, in har za a kira shi kamfani, shago ɗaya ne: tebur, kujera biyu, tsohon injin kwaɓa siminti, da ma'aikata tara da suka tsufa tare da shi.

Da aka fitar da kwangilar ginin kasuwa mai hawa uku, sai aka gindaya sharaɗi: duk babban kamfanin da ke so, dole ya haɗa gwiwa da ɗan gida. Wani babban kamfani ya zagaya ƙananan 'yan kwangila biyar. Huɗu suka ce sai lauyansu ya karanta takarda. Kawu kuwa ruwan sanyi ya ba manajan kamfanin, ya zaga da shi ya ga gine-ginensa. Shi suka zaɓa. Ya dawo gida baki har kunne, wai ashe har yanzu ana gane aikin kirki. Allah sarki. Su sunansa suka zo saya, kuma sun same shi da araha.

A ƙa'idar aikin, ba a zuba kankaren rufin kowane hawa sai Kawu ya hau ya ƙirga rodi, ya girgiza katakan da suka tokare shi, ya sa hannu. A hawa na farko har sai da ya sa aka kwance wani sashe aka sake. Manajan ya yaba masa da baki, amma fuskarsa ba ta yaba ba.

Da aka zo hawa na biyu, sai aka ce yashin da ake kawowa duk laka ne, babu mai idon zaɓe sai Kawu, ya tafi bakin kogi kwana uku. Kafin ya shiga mota manajan ya miƙo masa takardar dubawa, ba a rubuta komai a cikinta ba.

"Baba, sa mana hannu tun yanzu kar aiki ya tsaya. Ai mun zama ɗaya."

Kawu ya ji kunyar nuna wa abokin tarayya rashin yarda. Ya sa. Har yau in na tuna, raina ɓaci yake yi.

A rana ta biyu da tafiyarsa, da hantsi, rufin ya rufta ana tsakiyar zubi. Mutum uku suka rasu, biyu nasa ne, har da kafintan da ya fara aiki da shi. Masu bincike suka ce rodin bai kai rabin ƙa'ida ba. Suka nemi wanda ya duba, takarda ta nuna musu. Aka soke lasisin Kawu. Babban kamfanin ya fitar da sanarwar takaicin amanar da ya ba ɗan gida, kuma na ji yanzu ya sami wani dattijon a wani gari.

Bara mahaifiyata ta tashi ƙara ɗaki ɗaya a gidanmu. Kawu ya ji labari, ya zo da sassafe da cokalinsa na gini da igiyar awo, har ya naɗe hannun riga. Ya tarar da wani magini ya riga ya ja layi. Mahaifiyata ta fito, ta kasa haɗa ido da shi.

"Yaya, ka huta kawai," in ji ta. "Yara ne za su kwana a ciki."