Ranar da Kunne Bai Ji Ƙarar Ba

A rumfar da ake gyaran ƙananan jirage ba mai kiransa da sunan yanka. Kunne ake ce masa, har shugaban wurin, har matarsa in tsokana ta motsa mata. Ya shigo aikin yana saurayi, daga shagon kawunsa mai gyaran rediyon gida, ya kuma shekara talatin da ɗoriya yana cusa kai cikin jiragen koyon tuƙi da na feshin gona.

Yadda yake aiki ne ya jawo masa sunan. Matuƙi zai sauko yana mita, wai rediyo na ƙara, ba ya jin abin da hasumiyar kula da jirage ke faɗa. Wasu masu gyara sai su hau kwance-kwance. Shi kuwa sai ya zauna a kujerar gefe, ya ɗora abin sauraro a ka, ya ce a tayar da inji, ya lumshe ido.

"Ƙara wuta. Rage. Kashe fitilar fiffike."

In ƙarar siririya ce, tana hawa tana sauka tare da inji, na'urar cajin batir ce. In tas-tas-tas take yi, wayoyin fulogi ne. In kuwa sai fitila ta walƙa take zuwa, to wata waya ce ta saki jikin jirgi. Sai ya buɗe ido ya nuna wurin da haɓa. Dogo, abokin aikinsa tun suna samari, yakan ce, "Wannan ai duba kake yi, gyara dai suna ne."

Mutum ne mai sanyin hali, amma abu ɗaya na tayar masa da jijiyar wuya: a ɗaura sabon rediyo a danna maɓallin magana ba a gwada eriya ba. A shekararsa ta biyu ya ƙona ɗaya da hannunsa. Ruwa ya shiga mahaɗin kebul a ƙarƙashin cikin jirgi, tsatsa ta ci wurin, bai duba ba. Ƙarfin da rediyon ya tura bai sami hanyar fita ta eriya ba, ya dawo masa, ya toya shi. Daga ranar, sai ya saka mitar awon ƙarfi tsakanin rediyo da eriya, ya danna maɓallin ƙiftawar ido, ya ga inda allura ta tsaya. In ta nuna ƙarfi na dawowa da yawa, ko shugaba ne ke tsaye yana duba agogo, jirgin ba ya tashi.

Matarsa ce ta fara lura. Talabijin ya fara cika falo da ƙara. Wata rana ta dawo daga unguwa ta tsaya a bayansa.

"Baban Auta, sau uku ina sallama."

"Ke ce muryarki ta tsufa," ya ce, yana dariya. Ita ba ta yi dariyar ba.

Maganar ta fito fili ne a kan jirgin wata matuƙiya mai koyar da ɗalibai, wadda kowa ke kira Kyaftin. Ta kawo ƙorafin wani siririn kuka a rediyonta. Kunne ya hau, ya saurara, ya sa ta ƙara wuta ta rage. Tsit ya ji.

"Kyaftin, rediyon nan garau yake."

Ta juyo ta dube shi. "Baba, yanzu haka fa yana yi."

"Yanzu?"

"Yanzu. Har cikin haƙorana nake jin sa."

Ya danne abin sauraron da tafukansa biyu. Ya ji rugugin inji, ya ji bugun jininsa, bai ji komai bayan wannan ba. Ya yafuto Dogo ya miƙa masa. Dogo na ɗorawa ya yamutsa fuska, sannan ya ga idon abokinsa, ya yi sauri ya gyara fuskar. Ya makara.

Likita ya ce shekarun da ya yi a gindin inji ne suka cinye siraran sautuka, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Aka ba shi 'yar na'urar saƙalawa a kunne. Tana taimakonsa da magana, sai dai duk muryoyi sun koma kamar daga cikin gwangwani suke fitowa, kuma ba ta zama a ƙarƙashin abin sauraro. Da Auta, 'yarsa da ke aure a wani gari, ta kira waya, sai ya riƙa cewa "to, to, madalla" a inda yake zaton ya dace, har ta gane ta koma turo masa saƙo a rubuce. Yana karantawa, yana ƙoƙarin tuno yadda take jan ƙarshen kalma in tana shagwaɓa.

Ya so ya ajiye aiki. Shugaba ya ƙi, ya ce allurar mita da ido ake ganinta. Aka ba shi teburi kusa da taga, duk eriya da kebul na rumfar suka koma hannunsa. Ya riƙe aikin da gaske. Tun da ya zauna a wurin, rediyo ko ɗaya bai ƙone ba.

Neman ƙara kuwa ya koma wurin Dogo, wanda kunnensa lafiya lau, sai dai bai san me yake ji ba. Sai ya zo teburin, ƙato mai furfura, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Yi min ita da baki," Kunne zai ce.

Dogo ya waiga ko ana kallonsa, ya tsuke leɓe. "Wiiii. In an ƙara wuta kuma, wiiiiii."

"Da ka kashe fitila ta tsaya?"

"Ba ta tsaya ba."

"Je ka duba na'urar caji. Kuma ka daina wannan kukan, za ka kori ɗalibai."

Su yi dariya, Dogo ya tafi. Kunne ya bi shi da kallo har ya hau jirgin. Ya fi kewar lokacin da ake gama gyara, a tayar da inji, ƙarar ta ɗauke ɗif, muryar mai hasumiya ta shigo tar kamar yana zaune a gefenka. Yanzu sai dai ya ga Dogo ya ɗaga babban yatsa ta gilashi.

Saura shekara biyu ya yi ritaya. A gida matarsa ta mayar da kujerarta ɓangaren hagunsa, inda ya fi ji. A rumfa kuma akwai wasu ƙananan tsuntsaye da suka yi sheƙa a ƙarfen rufi. Ran nan da hantsi ya ajiye kebul ɗin da ke hannunsa, ya daɗe yana kallon yadda suke buɗe baki.

"Dogo, waɗannan har yanzu suna kuka?"

"Sun ishe mu wallahi."

"To," ya ce. Ya ɗan ƙara kallonsu, sannan ya jawo mita gabansa.