Kwalaben gidan Alhaji Modu

Har yau ranar da Dakta Ngozi ta kira ni ofishinta ba ta fita raina ba. Ita ce shugabar ɗakin gwajinmu, haifaffiyar Sabon Gari, tana jin Hausa kamar jakin Kano.

A lokacin ina cikin masu bin gidaje a wani babban bincike kan ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanjin mutum, waɗanda ido ba ya gani. Mukan bar wa kowane ɗan gida 'yar kwalba da sunansa a jiki, ya sa ɗan bayan gidansa, washegari mu ɗauka a kula mai ƙanƙara. Ƙa'idarmu, na yara ƙanana ana duba su nan take saboda ba su da juriya. Na manya kuwa firiza ake sa su, su jira layi, wani lokacin har makonni.

Dakta ta ce layi ya zo kan gidan Alhaji Modu na Rijiyar Lemo, kuma an ga abin da ba ya yiwuwa. Kwalaben Alhaji, matarsa da 'ya'yansa duk iri ɗaya suka fito, alhali ko tagwaye hanjinsu kan bambanta. Ga kuma wata muguwar ƙwayar cuta a ciki.

Ta ce, "Hauwa, wannan duk na mutum ɗaya ne, mai shan nono kuma. Je ki nemo shi yanzu."

Ban san yadda na keta cunkoson motocin shataletalen Bata ba.

Na tarar da Hajiya Falmata, uwargidan, zaune a tsakar gida. Bayan gaisuwa na tambaye ta wa ya cika kwalaben. Ta kawar da kai, ta ce ina Alhaji da girmansa zai miƙa wa yarinya kamata irin wannan abu? Su ma kunya ta hana su. Ba sa so kuma in koma hannu banza bayan wahalar da na sha, sai suka ɗiba daga fon jikanta Abba, wanda uwarsa ta zo da shi wajenta bayan an yi rajistar 'yan gidan, suka rarraba. Da ma yana zawo, sun ɗauka haƙori ne.

Na ce, "Hajiya, ina Abban yake?"

Ta ce, "'Yar nan, ai jiya aka yi sadakar bakwai ɗinsa."

Ashe duk makonnin nan ciwon yaron yana cikin firizarmu da sunan kakansa.

Shi ya sa nake gaya muku, ku sabbin ma'aikatanmu, injin gwaji bai san kunya ba, sunan da ke jikin kwalba kawai yake karantawa. Mutanenmu kuma gara su yi muku kara da su ce muku a'a. Tun ranar namiji ke karɓar na maza, ni kuma ba na barin gida sai na tambaya ko akwai yaron da ba shi da lafiya.