Ninki a Cikin Jar Kwat

Yayata tela ce a sashen wasan kwaikwayo na jami'a, kuma tana wurin tun ba a haifi yawancin ɗaliban da take wa ɗinki ba. Mama Tela suke ce mata. Ɗakinta yana bayan dandamali, a ƙarƙashin matakala: tsohon keken ɗinki mai feda, madubi mai tsaga a gefe, da riguna rataye har ba ka ganin bango. Ni guga nake taya ta in lokacin wasanni ya zo, ba don ina ƙaunar aikin ba, sai don Yaya ba ta jin kalmar a'a.

Abu biyu aka san ta da su. Ba ta awo da tef, da hannu take yi, taƙi da yatsu, kuma jikin da ta taɓa sau ɗaya ba ta manta shi. Sannan ba ta yanke rarar yadi. In riga ta yi wa mutum yawa, sai ta ninke ta ciki ta bi da zare, ta ce jiki baƙo ne, yau ya tafi, gobe ya dawo. Na sha yi mata tsiya cewa almakashinta ya fi kowa hutu a jami'ar nan.

Bana wasanni uku aka tsara: na barkwanci, na wani soja da ya dawo gida, sai na waƙe-waƙe da zai rufe. Autanta yana ajin ƙarshe a sashen, yana cikin dukkansu, kuma shi ne jarumin na waƙar, wanda da shi za a ba shi makin fita. Yaro ne mai jiki, mai murya, mai shegen surutu. Tun farkon zango Yaya ta yanka masa jar kwat doguwa ta wasan ƙarshe, ta zauna masa ɗas, har yana juyi gaban madubi yana cewa 'yan mata sun shiga uku.

Kafin wasan barkwanci ta sake gwada masa, don haka take yi wa kowa. Na ga hannunta ya tsaya a ƙugunsa. Ta ninke yadin faɗin yatsa biyu. Shi ya riga ta magana, wai atisaye ne, daraktan nan ba ya barin mutum ya ci abinci. Muka yi dariya, har na ce dama tumbin ya yi yawa.

Bayan wasan soja ta ninke huɗu. Wannan karon ban yi dariya ba. Ni ke goge kayansa, na san yadda wuyan rigunansa ke zuwa sharkaf da gumi ko da sanyi ake, na kuma ga sabon ramin da ya huda a bel ɗinsa da ƙusa. Abincin da muke kawo masa, abokansa ke cinyewa. In ya sauko daga dandamali sai ya zauna a matakala ya daɗe yana haki, da ya ji tafiyar mutum sai ya kama waƙa.

Na tare Yaya na ce wallahi yaron nan ba lafiya ba, mu kai shi asibiti ko da ɗaure shi za a yi. Ta ce ta yi masa maganar, ya roƙe ta ta bari a gama, in ya fasa yanzu sai ya maimaita shekara, kuma wani zai hau waƙarsa. Sai ta hau juya ƙarfen keken. Ni da ita mun san abin da ba ta faɗa ba. Haka babansa ya fara. Wandunan marigayin suna nan a akwatinta, da ninkin da ta yi ta yi musu, ba ta taɓa samun ranar warwarewa ba. Tsoro ya kama ni, na kuma ji haushinta, da nasa, da na darakta da ke ta yabon yadda yaron ya rame ya dace da rawar.

Ana gobe gwajin ƙarshe ya zo awo. Ninkin ya yi kauri har kwat ɗin ta ƙi kwanciya, ta yi tudu a bayansa. Ya dubi madubi, ya dube ta.

"Mama, ki yanke kawai. Ba wanda zai gane."

Ta ɗauki almakashi. Ta ce ya tuɓe ya tafi, zai same ta a shirye.

Washegari da rana aka taru, malamai a kujerun gaba, aka kunna fitilu, makaɗa suka fara. Sai da aka kira shi Yaya ta zura masa kwat ɗin, ya ruga ba tare da ya kalli madubi ba. Ashe zaren ta tsinke. Ta warware ninkin duka, ta mayar da rigar yadda ta yanka ta ranar farko. Ya fito cikin haske tana reto a jikinsa kamar an rataye ta a ƙusa, kafaɗun sun zubo, ko'ina iska. Wata ɗaliba ta fara dariya, ta haɗiye. Kiɗan ya mutu da kansa.

Darakta ya juyo a fusace yana tambayar wa ya ɓata rigar. Yaya ta leƙo daga gefen labule, allura a ƙirjinta.

"Rigar ba ta canza ba, Malam. Awonsa ne na farkon zango."

Ranar aka kai shi asibiti a motar shugaban sashe. Wani ɗalibi ya yi waƙar a cikin baƙar kwat, an ce an tafa masa. Auta yana can kwance, an ɗebi jini an sake ɗiba, likitoci suna ta cewa a jira, kuma har yau in Yaya ta shiga sai ya juya wa bango fuska.

Jiya da muke kwashe kaya na ɗauko jar kwat zan ninke ta cikin akwati. Ta karɓe ta mayar kan ƙusa.

"Bar ta a nan," ta ce. "Jiki baƙo ne."

Na tsaya ina jiran ta ƙarasa. Ta zauna a keke, ta hau neman kafar allura.