Ranar da Leɓen Ɗana Ya Yi Shuɗi

Ko da zan manta da ranar aurena, ba na jin zan manta da abin da ya same ni a bakin iyakar Jibiya, lokacin ɗana na fari yana goye. Yau yaron ya isa aike, har musu yake yi mini, amma in na tuna sai gabana ya sake faɗuwa kafin dariya ta zo.

Maraɗi na je da shi don in nuna shi ga kawuna, yayan mahaifiyata. Kawu marini ne na gado, irin waɗanda har yanzu suke jiƙa baba da toka a rami, ba ruwansu da kalar gwangwani ta kasuwa. Da zan taho ya ɗauko wani zane baƙi wuluk, an buge shi da shuni har yana ɗaukar ido, ya ce in riƙa goya jikansa da shi. "Rinin baba sanyi gare shi, ba ya barin ƙuraje su kama yaro," in ji shi. "Amma kar ki sa mai ruwa, sheƙin tahiya zai yi." Ni kuwa 'yar zamanin atamfa ce, ban taɓa ɗaura irinsa ba. Na yi godiya, na goya yaron da shi nan take don Kawu ya ji daɗi.

Bazara ce, irin wadda ko kaza sai ta buɗe baki. A mota na rungume shi cikin zanen, mun matsu kamar kifin gwangwani. Da muka iso iyaka aka sauke mu mu taka da ƙafa, motar ta bi layi a bayan manyan motocin hatsi. Na mayar da shi baya, na lulluɓe shi da mayafi saboda rana, ina ratsa 'yan kabu-kabu, gumi na bin ƙashin bayana. Na ji shi shiru, na ce barci ne. Da na tsallako na sami inuwar dalbejiya kusa da wata tsohuwa mai sayar da fura, na kwance goyon don in ba shi nono.

Na juyo da shi na dubi fuskarsa. Leɓɓansa sun yi shuɗi, yatsunsa shuɗi, ƙirjinsa har wuya duk ya rine, ga shi ya saki jiki, ido a rufe. Dama 'yar yayata a hannuna ta cika, kuma haka leɓenta ya yi kafin rai ya fita. Ban san lokacin da na zube ƙasa ina salati ba, ina cewa a taimake ni ɗana zai mutu. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na wannan rana ba.

Kafin ka ce kwabo mutane sun yanyame mu. Wannan ya ce zafi ne, wancan ya ce iska ce ta shafe shi a hanya, wani ɗan kabu-kabu ya tayar da babur yana cewa in hau mu tafi asibiti. Na miƙe zan hau ke nan sai tsohuwar nan ta riƙe mini hannu.

"Tsaya, ɗiyata. Miƙo mini shi in gani."

Ta tsoma bakin ɗankwalinta a ruwan da take ɗauraye ludayi, ta goge masa leɓe. Shuɗin ya biyo ɗankwalin, leɓe ya fito ja sumul. Sanyin ruwan ya farkar da shi, ya callara kuka, kukan da ban taɓa jin mai daɗinsa ba.

"Ke da kike kuka, kin dubi naki hannun?" in ji ta.

Na duba. Tafin hannuna shuɗi, damatsana shuɗi, rigata kuwa ba a magana. Ta ɗaga gefen zanen, ga shi jiƙe sharkaf inda yaron ya yi ta tsotsa tun daga Maraɗi. "Zanen bugu ne wanga, haka yake zuba. Mu da muna 'yan mata, da gangan muke bari shi taɓa muna jiki, ado ne. Wa ya ba ki bai hwaɗa miki ba?" Na ce kawuna ne. Ta ce ai ba laifinsa ba ne, shi a ganinsa babu ɗan Hausa da bai san wannan ba.

Wurin ya kaure da dariya, ɗan kabu-kabu ya kashe babur yana cewa yau ya ga yaron da aka rina kyauta. Ni dai ina zaune, ina dariya hawaye na zuba, yaro na shan nono kamar ba shi ya tara jama'a ba. Tsohuwar ta dama mini fura, ta ce in sha hankalina ya dawo.

An ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, ni kuwa a zahiri tsumman ne ya kore ni. Tun daga ranar, in tsoro ya kama ni, sai na fara duban hannuna kafin in yi kururuwa, kuma in babba ya ba ni kayan gado, nakan zauna in tambayi halinsa. Zanen yana nan a ƙasan akwatina, kuma da shi na goyi duk ƙannensa, amma sai da na ce Kawu ya yi haƙuri, na wanke shi tas.