Rabin Tanon Illa

Kowa a Barmou ya san Illa mai ruwa, amma wallahi Duna ya fi shi suna. Duna baƙin jakinsa ne, wanda matarsa Raƙiya ta sayar da tumakinta ta saya masa, shekarar da ta biyo baya kuma Allah ya yi mata rasuwa. Ba su haihu ba. Mu maƙwabta mukan tsokane shi mu ce ina ɗan fari, sai ya nuna turke yana dariya.

Aikinsa ɗebo ruwa a amalanke, tano biyu, wato gangunan ƙarfe, daga rijiyar da ke bayan tudu. Tsakanin rijiyar da gari akwai gangara mai duwatsu. Illa na da doka guda wadda ya ishe mu da ita: tano ko a cika shi taf, ko a bar shi wofi.

"Rabin tano mugu na," in ji shi. "In jaki ya tsaya, ruwa ba shi tsayawa. Shina tahiya tai, ya bugi ƙarhe, ya ingiza amalanke. Ruwa ba shi da birki."

Duna ya tsufa, gwiwoyinsa suka fara rawa. A bazarar bara Illa ya tsaya bakin rijiya yana kallon haƙarƙarin dabbar, tausayi ya kama shi. Ya zuba rabi a wannan tano, rabi a wancan. Almustafa mai jan guga ya ce, "Illa, ina dokar taka?"

"Bari dai, tsohon ga ya gaji. In rage mai nauyi."

Da ya cika ɗaya ya bar ɗaya, da shi ke nan. Amma zuciya in ta yi laushi ba ta lissafi.

Suna tsakiyar gangara wata akuya ta gilma. Duna ya ja ya tsaya cak, kamar yadda aka koya masa. Ruwan bai tsaya ba. Ya taru ya doki gaban tanonin, amalanke ta zabura ta hau kansa, ƙafafunsa na gaba suka karye a kan dutse.

Na je na tarar da Illa zaune a ƙasa, kan jakin bisa cinyarsa, yana ba shi ruwan a tafin hannu. Bai yi kuka ba, ni ce na yi, har yau kuma abin na ci mini rai. Kafin la'asar Duna ya mutu.

Yanzu jarka biyu yake ɗauka a kafaɗa da sanda. An yi masa tayin wani jaki, ya ƙi. Kullum in ya iso bakin gangarar sai ya rage tafiya, ya ce, "Sannu, sannu dai," yana miƙa hannu gefe inda wuyan Duna yake a da.