Bindigar da Na Ce Ba Ta da Laifi

Assalamu alaikum, Edita. A lokacin da abin nan ya faru ni mai walda ne a wani ƙaramin wurin ƙera ƙofofi da tagogi a unguwar masana'antu da ke Jidda, ina kwana a unguwar Mahjar ɗaki ɗaya da wasu 'yan ƙasarmu. Umara ce ta kawo ni, na gama na ƙi komawa, don haka ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba kafilin da zai tsaya mini, kullum tafiya nake ina waige. Amma cikin 'yan uwa ina da suna guda da nake taƙama da shi, wato ɗan maƙeri. Mahaifina maƙeri ne a ƙauyenmu, garma da fartanya yake yi, mafarauta kuma suna kawo masa bindigar toka ya gyara. A gabansa na tashi ina zuga wuta, kuma ba yabon kai ba, na san ƙarfe. Sai dai bakina ya fi sanina tsawo. In ana hira aka ambaci bindiga, ni ne malamin wurin, har harbin da ban taɓa yi ba sai in ba da labarinsa da kwatance.

Akwai wani bawan Allah da nake kira Yaya. Bahaushe ne haifaffen Jidda, kakanninsa ne suka zo hajji a ƙafa suka zauna, shi kuwa ɗan ƙasa ne da takardunsa. Yana da shagon ɗinki a unguwar Bab Makka, kuma ba ya cikin masu shagon da ke zaune suna ba da umarni. Aikin zaren wuyan alkyabba da hannunsa yake yi, mutane suna haƙuri su jira shi. Hausarsa a karkace take, rabinta Larabci, ina yawan tsokanarsa da cewa ko akuyar garinmu ta fi shi iya gaisuwa. Gyaran ƙofar shagonsa ne ya haɗa mu, daga nan ya riƙe ni kamar ƙaninsa. In na kwanta ciwo shi ke sayo mini magani, tunda asibiti ba wurin zuwan irina ba ne.

Yaya yana da ɗan fili a bayan gari inda yake kiwon tumaki, sai karnukan daji suka addabe shi da ɓarna. Ya nemi izinin mallakar ƙaramar bindiga, aka ba shi. Ana nan sai ya ji wani dattijo, aminin marigayi mahaifinsa, zai rabu da tsohuwar libarbarsa, irin mai gidan harsashi da ke juyawa, wadda su suke kira musaddas, saboda idonsa ya yi rauni. Yaya ya faɗa da bakinsa cewa bai san komai a kan bindiga ba. Ya ce tunda Allah ya ba shi ƙani ɗan maƙeri, in zo in duba masa, in na ce ya saya ya saya, in na ce a'a to halas, wato shi ke nan. Ya ɗaga hannayensa yana dariya, ya ce da waɗannan yake ci, kada in bari ya riƙe abin da zai cije shi. Na bugi ƙirji na ce ya bar mini.

Wata Juma'a bayan La'asar muka je gidan dattijon. Aka yi mana shimfiɗa a ɗakin baƙinsa, aka kawo gahawa da dabino. Tsohon ya fi Yaya Hausa nesa ba kusa ba, irin ta mutanen da, mai daɗin ji. Ya tambayi garinmu, ya tambayi mahaifina, da na ce ya rasu ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a mai tsawo, ya ce maƙera mutanen kirki ne, ba sa cin amanar ƙarfe balle ta mutum. Da hannunsa ya zuba mini gahawa, yana kirana ɗana. Sannan ya shiga ciki ya fito da bindigar a naɗe cikin farin ƙyalle, ya buɗe ta ya nuna mana babu harsashi a ciki, ya miƙo mini.

Kyan ɗan maciji ke gare ta. Baƙa wuluk, tana sheƙi, an shafe ta da mai, mariƙinta na katako ya yi santsi don riƙo. Yaya har ya fara cewa masha Allah. Ni kuwa na juya ta wajen hasken taga na leƙa cikin bututun, na ga tsatsa ta ci shi ta bar 'yan ramuka, man ne kawai ya lulluɓe su. Kawunan kusoshin jikinta duk sun tauye, alamar wani wanda bai iya ba ya sha kwance ta yana ɗaurawa. Na ja ƙarfen baya a hankali, wanda ke sarar harsashi. Ko wanda bai taɓa riƙe irinta ba, in dai ya san inji, ya san gidan harsashin ya kamata ya juya ya tsaya cak, raminsa ya yi daidai da bakin bututu. A wasu ramukan ya tsaya, a wasu kuwa sai ya tsaya bai kai ba, in na taɓa shi da yatsa yana girgiɗi kamar haƙorin da ya kusa fita. Abin da ya fi tayar mini da hankali wani siririn layi ne kamar gashi, daidai inda bututun ya shiga jikin bindigar, an bi kansa da baƙin fenti. Mai walda ba ya kasa gane tsaga. Mahaifina ko bindigar da ya gyara da hannunsa ba ya ba mai ita sai ya ɗaure ta a jikin itace, ya ja kunamar da igiya daga bayan katanga. Wannan kuwa ko igiyar ba ta cancanta ba.

Na ɗago kai, mutum biyu suna kallona. Tsohon yana murmushi, ɗanɗanon gahawarsa yana bakina. Mu yadda muka tashi, ba a kushe kayan babba a gaban idonsa, a cikin ɗakinsa, bayan ya yi wa ubanka addu'a. Na tabbata kuma shi bai san da tsagar ba, mutumin da ko fuskata sai ya matso yake gani. Wannan ita ce kunyar. Akwai kuma tsoro, domin marar iƙama ba ya son sunansa ya fito a cikin kowace gardama, balle ta bindiga. Sai na ukun da na daɗe ban yarda da shi ba: in tsohon ya ce in yi bayani, zai gane sau ɗaya tak na taɓa riƙe irin wannan bindigar, ta wani ɗan uwanmu ɗan sanda, kuma malantar da nake yi a Mahjar ta ƙare. Sai na ce, “Masha Allah, Baba, ba ta da laifi.” A raina na ce in mun shiga mota zan gaya wa Yaya gaskiya. Ban rufe baki ba Yaya ya ce halas, ya miƙa wa tsohon hannu, suka ƙulla, suka sa ranar da za su je a mayar da takardar da sunansa.

A mota ban samu ƙofa ba, ko in ce ban neme ta da gaske ba. Yaya murna yake kamar yaro. Ya ce tsohon ya gaya masa tare da mahaifinsa suka je sayenta tun yana ƙarami, don haka ji yake kamar wani abu na babansa ne ya dawo gida. Abin da na iya cewa kawai shi ne zai yi kyau a kai wa masu gyaran bindiga su ƙara dubawa. Ya ce wane mai gyara kuma bayan ɗan maƙeri, yalla mu je mu ci abinci. Ya yi dariya, ni ma na yi. Bayan haka mun haɗu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kullum sai in ce gobe. Da goben ta yi yawa sai na fara lallashin kaina cewa ƙarfen da ya fi na yanzu ƙwari, wataƙila layin nan ƙarzuwa ce kawai.

Wata rana ina wurin aiki da hantsi wani ƙanin Yaya na jini ya kira ni. Yaya ya je wurin tumakinsa ya tarar da karnuka a bakin shinge, ya fito da bindigar. Da hannu biyu ya riƙe ta, na hagu ya rungumo wajen gidan harsashin, tunda ba wanda ya taɓa nuna masa riƙo. Harbin farko ya tafi lafiya. A na gaba ta fashe ta gefe. Babban yatsansa na hagu ya tafi, manunin ya rage rabi. Na ce innalillahi, na ajiye wayar, na ƙarasa ƙofar da nake haɗawa, har yau ban san dalili ba. Asibiti ban je ba, don akwai 'yan sanda a wurin suna tambayoyi. Daga baya ƙanin ya gaya mini an tambayi Yaya ko wani ya duba masa bindigar kafin ya saya, ya ce babu, shi ya gani ya so ya saya. Da ya ambace ni, da tuni an saka ni a jirgi an mayar da ni gida. Tsohon kuwa da ya ji labari kwanciya ya yi, yana ta kuka yana cewa shi ya cuci ɗan amininsa.

Sai da aka sallami Yaya na je gidansa. Na same shi a kishingiɗe, hannun a naɗe, ya sa aka kawo mini shayi kamar kullum. Da ɗakin ya rage mu biyu ya tambaye ni abu ɗaya, ko na ga wani abu a jikinta ranar. Na ce na gani. Ya tambayi me ya hana ni faɗa, na ce kunyar Baba. Sauran dalilan biyu ban faɗa masa ba, a wannan wasiƙar na fara faɗarsu. Sai ya ce da Hausarsa ta Jidda, “Wallahi ya akhi, da ka faɗa, fushin yini ɗaya za mu yi.” Bai zage ni ba, bai kore ni ba. Da azumi ya zo ya aiko mini da abin buɗa baki kamar yadda ya saba, na ci don ba ni da fuskar mayarwa.

Shagon yana nan. Yanzu wani tela ya ɗauka yake yi masa aikin wuyan, shi yana tsaye a kansa yana danne yadi da tsintsiyar hannu yana nuna masa inda allura za ta bi. Ina wurin ranar da wani tsohon mai sayayya ya juya alkyabbarsa ya duba, ya ce wannan ba aikin hannunka ba ne. Yaya ya ce masa gaskiya ne.

Abin da nake so masu karatu su ɗauka kaɗan ne. Mai sayen tsohuwar bindiga, ko da izinin hukuma a hannunka, kada sheƙinta ya ruɗe ka, kada kuma zumuncin mai sayarwa ya tsaya maka a madadin dubawa. Ka kai ta wurin wanda aikinsa ke nan, ba wurin mai baki irina ba. Wanda kuma aka yarda da shi aka ce ya duba, bindiga ce ko mota ko tsanin hawa gini, ya sani ba don ya faranta ran mai kaya aka kira shi ba. Na daɗe ina kiran abin da na yi ladabi. Tsohon da na ce na girmama, da baƙin cikin abin ya ƙarasa kwanakinsa, yana ɗaukar laifin da nawa ne. In ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba. In kuwa ka gani, ka faɗa a wurin, a gaban kowa, tun hannu bai shiga hannu ba. Ni na jira mu shiga mota.