Ƙanena da Ke Cin Ƙwallo Yana Ba da Haƙuri

Ranar Laraba, sha biyu ga watan Fabrairu, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ina tsaye a gaban aji wayata ta yi ta motsi a cikin jaka. Ban ɗauka ba sai da na sallami ɗalibai. Wani mutum ne da ban san muryarsa ba. Ya ce shi ne mai gidan da kake haya, ya samo lambata a takardar da ka cike masa. Bai ga ka fito motsa jiki da safe kamar yadda ka saba ba, ya ƙwanƙwasa ya ji shiru, sai ya koma ya ɗauko nasa mabuɗin. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya. Shekarunka talatin da tara. Daga Allah muka fito, kuma duk yawan yawonmu wurinsa za mu sauka.

A gida Auta muke ce maka. Mutanen ƙwallo kuma Tara suke kiranka, saboda lambar da ke bayan rigarka, kuma wannan lambar ce kaɗai ta bi ka duk inda ka je. Shekara goma sha shida ka yi kana ɗan wasan gaba, a ƙungiya goma sha huɗu. Na san adadin don ni kake rubutawa a layin wanda za a kira idan wani abu ya faru. An kira ni sau biyu a kan gwiwa, sau ɗaya a kan haƙarƙari. Da na ji baƙuwar murya ran Laraba, na ɗauka gwiwar ce kuma.

Ba zan ce kai tauraro ne ba, don da kana nan kai za ka fara yi mini dariya. Kai ne irin ɗan wasan da ake nema a tsakiyar kakar wasa, lokacin da ƙungiya ta ga tana shirin faɗuwa rukuni na ƙasa. Ka zo da akwatinka, ka ci musu shida ko bakwai, su tsira. Kaka na ƙarewa sabon koci ya ce yana son matasa, a yi maka godiya a ofis, a ba ka hannu. Na taɓa ce maka kai mai gyaran famfo ne, ana kiranka idan ruwa ya cika gida, amma ba wanda ke cewa ka zauna ka ci abinci. Ka ce aƙalla shi mai famfo, idan ya kuskure, mutum dubu biyar ba sa zaginsa da sunan uwarsa.

Sau uku na ziyarce ka a garuruwa uku, kuma duk ɗaki ɗaya na tarar. Gado, kujera guda, labulen da wani ya zaɓa kafin kai. Akwati a buɗe a ƙasa, kaya a ninke a ciki, durowa kuwa ba komai. Butar lantarki, dutsen guga, da hoton Mama da na 'yarka a jingine da bango a kan tebur. Na tambaye ka me ya hana ka rataye su, ka ce bangon mutane ne, ba ka kafa masa ƙusa. Amma ba ka taɓa barin ɗaki yadda ka same shi ba. Ka gyara famfon da ke ɗiga, ka canja ƙwan fitila, ka sa wa ƙofa mai. Mai gidan naka na ƙarshe, a garin da ka je gwajin aikin horar da 'yan gaba bayan ka ajiye takalma ka daina buga ƙwallo, ya nuna mini ƙarfen bene da ka ɗaure masa, yana kuka. Wata biyu kacal ka yi a gidansa.

Matarka ta bi ka gari biyar. A na shida ta ce yarinya na bukatar makaranta ɗaya da ƙawaye waɗanda za su daɗe. Ba a yi faɗa ba. Ban ga laifinta ba, kai ma ba ka gani ba. Auren ya yi ta sanyi har ya mutu, daga baya ta yi wani, kuma kai da kunyarka ba ka son yawan kiran gidan wani mutum. Saboda haka 'yarka ta san ka a hutun ƙarshen kaka, mutum dogo mai ɗingishi wanda ke zuwa da takalma da ba su taɓa yi mata daidai ba, don kullum ƙafarta ta riga lissafinka.

Shekararta goma yanzu. Kwana uku da rasuwarka, gida cike da mata, ta zo ta zauna kusa da ni da wayar uwarta a hannu. Ashe tun ranar take neman hotunan wasanninka. Ta miƙo mini wayar ta ce, "Gwaggo, me ya sa Baba ke ba da haƙuri? Ba ya jin daɗi ne in ya ci?"

Na kalla. Ƙwallo ta shiga raga, 'yan kallo sun miƙe, abokan wasanka suna tsalle a bayanka, kai kuma kana tsaye, hannu biyu a sama, kai a sunkuye, kamar direban da aka tsayar a shingen 'yan sanda. Ta nuna mini na biyu, haka. Na uku, haka. Na ce mata ta ba ni mako guda, zan samo mata inda babanta ke murna. Na yi alkawarin ne don na ga abin da ke faruwa. Yarinyar nan ba ta da wani abin da za ta riƙe naka sai wanda muka ba ta yanzu, kuma tana dab da riƙe cewa ubanta mutum ne da bai taɓa jin daɗin komai ba.

Ga waɗanda ba su san ƙwallo ba, irina, akwai wata al'ada a tsakanin 'yan wasan gaba. Idan mutum ya ci tsohuwar ƙungiyarsa, ba ya gudu, ba ya ihu. Sai ya ɗaga hannu, wato a yafe masa, aiki ne ya sa. Wanda ya buga wa ƙungiya biyu a rayuwarsa, abin zai same shi sau ɗaya ko biyu a shekara. Kai kuwa mai goma sha huɗu, rabin jadawalin tsofaffin gidajenka ne. Abin da ya ba ni mamaki shi ne har waɗanda ba ka taɓa buga wa ba kana ba su haƙuri. Na taɓa tsokanarka a kan haka, ka ce, "Yaya, wanda ban buga wa jiya ba, gobe zan buga masa. Gara in ba da haƙurin tun yanzu."

Na yi dariya a lokacin. Sai daga baya ka ba ni asalin labarin. Kana ɗan shekara ashirin da biyu, ƙungiyarka ta farko ta sallame ka, ka dawo filinsu da rigar wasu ka ci su. Ka ruga ka zame da gwiwa a gaban magoya bayansu, kana nuna musu lambar bayanka. Da ka ɗaga kai sai idonka ya sauka a kan mai gadin filin, dattijon da ke buɗe maka ƙofa tun kana yaro ka shiga ka yi atisaye kai kaɗai. Bai zage ka ba. Ya juya maka baya ne kawai, ya tsaya yana kallon bango har aka tashi. Ka ce tun ranar ka daina. Wannan ita ce murna ɗaya da ka yi a fili, kuma ba wanda ya ɗauki hotonta. Na nema.

Ƙwallo tamanin da takwas ka ci a rayuwarka. Na samo hoton bidiyo na talatin da uku, yawancinsu masu hazo, an ɗauka daga nesa, kuma a dukkansu hannunka na sama. Na kira ƙungiyoyin. Wata ta ce tsofaffin faya-fayanta sun ɓata da aka canja ofis. Wata ta tambaye ni wace shekara ka buga mata. Wata ta haɗa ni da mutumin da ya bar aiki tun bara. Cikin goma sha huɗun, huɗu ne suka fitar da ta'aziyya. Ɗaya ta ce kai ɗan wasan baya ne. Ɗaya ta sa hoton wani bawan Allah, wanda na bincika na ga yana nan da ransa. Ban yi fushi ba. Kowacce ta ɗauka kai na wata ne, kuma babu wadda ta yi ƙarya.

Mama ta yi ta tambaya ko mutanen ƙwallo sun zo. Ina ce mata suna hanya.

A rana ta shida mutum ɗaya ya zo. Dattijo ne siriri, ya yi tafiyar awa bakwai a mota, da wata leda a hammata. Ya ce shi ne mai wankin riguna a ƙungiyarka ta goma sha uku. Ya gaida Mama, ya yi addu'a, ya fito da rigarka a goge ya ajiye a gabanta. Ya ce a shekara talatin da ya yi yana wanki, kai kaɗai ne ɗan wasan da ke juyo da safarsa kafin ya jefa a kwando, kuma kai kaɗai ka san sunayen 'ya'yansa. Da na raka shi ƙofa na gaya masa abin da nake nema. Ya dube ni kamar na tambaye shi inda rana ke fitowa.

"Ai ke ce yayar tasa?"

Na ce ni ce.

"To ai ke ce murnar tasa, Malama. In ya ci, ana tashi daga wasa sai ya shigo ɗakin wanki ya rufe ƙofa, ya kira ki. Tun kafin ki ɗauka yake tsalle. Har tsokanarsa muke, mu ce Tara ya tafi kai rahoto."

Na tsaya riƙe da ƙofa. Na san waɗannan kiraye-kirayen, Auta. Yammacin Asabar suke zuwa, wani lokacin Lahadi, ina duba takardun jarrabawa ko ina kan hanya. Ka ce ka ci ɗaya, in ce madalla, ka dai kula da gwiwar nan. Wani lokacin in ce ina cikin taro. Wani lokacin in ga sunanka in kifa wayar, in ce zan kira in na gama, kuma ni ce mai cewa mutum ya kamata ya lura da abin da ke gabansa. Na ɗauka sanar da ni kake yi, kamar yadda kake sanar da ni sabon adireshi. Shekara goma sha shida kana kawo mini abin da ka hana kanka a gaban mutum dubu biyar, ni kuma ina tambayarka ko ka ci abinci.

Na koma ɗaki na buɗe saƙonninmu, na yi ta ja baya. A wata Asabar ta shekara uku da suka wuce na sami saƙon murya, daƙiƙa arba'in da ɗaya, wanda ban taɓa buɗewa ba. A ƙarƙashinsa na rubuta maka cewa zan saurara in na sami sarari.

Na kira 'yarka, muka zauna a bakin gado, na danna. Da farko ƙarar injin wanki ce, da muryar dattijon nan daga nesa yana cewa ka yi a hankali kada ka zame. Sai numfashinka, sai dariya, irin wadda rabona da jin ta tun muna yara, lokacin da ka fasa tagar kicin da ƙwallo ka kasa ɓoye jin daɗinka.

"Yaya, biyu yau. Biyu! Na biyun da ka na ci, ni da kike cewa kan nan ba ya aiki. Ki gaya wa Mama. In kin ga yarinyata, ki ce mata babanta ya ci biyu."

Ta ce in sake. Na sake. Sau huɗu muka ji. Sannan ta karɓi wayar ta duba kwanan watan, don ita ma mai lura ce, abin gidan ne. Ta ce, "Gwaggo, kin makara."

Sai na ɗaga mata hannu biyu, na sunkuyar da kai. Ta yi dariya, kuma dariyarka ce sak, har da ɗan shaƙewar nan ta ƙarshe. Daga nan muka yi kukan da muka ƙi yi a gaban mutane.

Na tura saƙon a wayar uwarta, na ajiye shi a wurare uku. Hotunan nan biyu da ka yi ta jinginawa a bangon mutane, na haɗa da naka na kafa musu ƙusa a ɗakin Mama. Akwatin yana wurina. Har yanzu ban fitar da kayan ba, na ga kai ma ba ka saba a fitar ba.

Allah ya jiƙanka, Auta. Ya yafe maka kurakuranka, kai da ka ƙare rayuwarka kana neman yafiyar mutanen da ba ka yi wa laifi ba. Ya haskaka kabarinka, ya yalwata shi, ya sa wannan sauka ta zama ta ƙarshe, a gidan da ba a sallamar kowa idan kaka ta ƙare. Ina miƙa ta'aziyya ga Mama, wadda har yau takan ɗaga kai idan ta ji an ja akwati a tsakar gida, da 'yarka, da mahaifiyarta wadda ta yi haƙuri iya ƙarfinta, da mai gidanka, da dattijo mai wankin riguna wanda ya wakilci ƙungiya goma sha huɗu ba tare da kowa ya aike shi ba. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya raya abin da ka bari, ya kyautata namu ƙarshen. Ni kuma, ƙanena, ka yafe mini Asabar ɗin da ban ɗauka ba.